Saifar Doki a Kular Aurena

Da sunan Allah nake farawa. Tun ranar da na dawo daga Filato bakina bai huta ba. Wadda ta shigo aron rariya sai ta zauna, wadda ta zo kitso sai ta ce in ɗauko daga farko, har matar mai shagon bakin layi, da ba mu cika gaisawa ba, ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne an dafa. To ga shi na rubuta a bayan littafin Islamiyya, kowa ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita. Karatuna aji biyar ne, in kun ga kuskure ku gyara a zuci.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, maigidana Baban Abba hayar dawaki yake bayarwa a nan Majidaɗi, cikin Jalingo. Ango ya hau a ɗauke shi hoto, yaran da suka yi sauka su zaga gari, da wannan muke ci. Dawaki uku ne a turkenmu. Akawal da Bidi nasa ne. Ta ukun tawa ce, farar goɗiya, Kili. Babana ne ya ba ni ita tana 'yar duƙusa ranar da aka kawo ni daga Iware, shekara huɗu ke nan. Sauran mata an kai su da gado da kujeru, ni an haɗa min da doki. Baba ya rasu ina da ciki, shi ya sa aka mayar wa yaron sunansa nake kiransa Abba. Lokacin da wannan abu ya faru Abba yana da wata takwas a duniya, Kili kuma tana da cikin wata takwas.

Damina na gab da ƙarewa Akawal ya ƙi cin dusa. Washegari ramin da ke saman idonsa ya cika ya kumbura, numfashi da ƙyar, kumfa na fita ta hanci. Kwana biyu ya mutu. Sati bai zagayo ba Bidi ya bi shi, kuma garin shure-shuren mutuwa ya sami Baban Abba a ƙwauri. Aka kira mai ɗori. Gida ya zama doki biyu a rami, maigida a tabarma, Kili ita kaɗai a turke tana waige-waige.

Likita Ishaya, likitan dabbobin da ke duba mana su, shi ya yanko saifar Bidi da ɗan huhunsa ya ɗaure kowanne a leda biyu. Ina bayan labule ina jin su.

"Da hannuna na yi musu allura kafin ruwa ya sauka," in ji shi. "Ko allurar ta lalace a hanya, ko wannan cutar ba ita allurar ta sani ba. Ni ba ni da injin da zai gaya min. Sai gidan bincike a Filato."

"A ba direba mana," in ji Baban Abba.

"Na ba direba na wani doki daga Sunkani. Ya kwana biyu a tasha a rana, har akwatin sanyina bai dawo ba. Mutum nake so, ya riƙe a cinya. Ni kuma ka ga wayata, daga Iware ake kira, daga ko'ina."

Ban san lokacin da na ce zan je ba. Baban Abba ya juyo ya kalli labulen.

"Ke da ko Wukari ba ki taɓa zuwa ba? Ke da in Abba ya yi atishawa sai kin kira mutum uku?"

Na ce Kili tawa ce. Ya san abin da nake nufi.

Da yake akwatin Likita ya tafi yawon duniya, kular aurena aka ɗauko, ja mai furannin gwal, wadda ban taɓa zuba mata ko ruwa ba don kar ta tsufa. Likita ya jera ƙanƙara, ya sa ledojin a tsakiya, ya ba ni takarda da sharuɗɗa. Kar sanyi ya ƙare. Kar a kwance leda. Kar in gaya wa kowa a mota abin da ke ciki, don za su sauke ni a daji. Na tambaye shi ko cutar tana kama mutum, ya ce a'a. Na sake tambaya. A karo na huɗu ya ce, "Maman Abba, ko kin tambaya har gobe ba za ta fara ba."

Masauki kuwa gidan Goggo Adama ne a Bukuru, ƙanwar baban maigidana, wadda tun ranar biki ban sake ganinta ba. Baban Abba ya kira ta, amma kunya ta hana shi cewa ya turo matarsa da mushe. Abin da ya ce kawai, za su zo asibiti. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Bayan asuba muka tashi a wata ƙaramar bas, ta hanyar Wukari da Ibi. Abba a ƙirji, kula a cinya, ina ta tura ƙafarsa gefe kar ta taɓa murfin. Kusa da ni wata Hajiya Larai ce, mai fataucin dankali, za ta Mangu. Mace mai kirki, kuma kirkin nata ne ya zame min azaba. Kafin Iware ta ba ni dafaffiyar gyaɗa. A Mutum Biyu ta ɓare ƙwai ta sa wa Abba gwaiduwa a baki. Na gaba suka miƙo masara, na baya suka miƙo rake. Kun san dokar mota, kowa ya buɗe nasa ya ce bismillah. Ni ga kula kamar ta kai wa gwamna abinci, na rungume ta da hannu biyu.

"'Yar nan, kular taki ta ado ce?" in ji Hajiya Larai.

Na yi murmushi na sunkuyar da kai.

"Direba, rage gudu. Kar miyar ƙanwata ta zube ba mu ɗanɗana ba."

Mota ta ɗauki dariya. Wani dattijo a baya ya ce a bar yarinya, wataƙila na surukai ne. Hajiya ta ce ita ma surukar wasu ce.

A Tella na sayi busasshen kifi leda guda, tsarabar Goggo, manya-manya masu ƙamshin hayaƙi. A Wukari aka tsaya salla. Na sayi ruwan leda mai ƙanƙara, na zagaya bayan masallaci, na buɗe kula ina riƙe da numfashi, na tsiyaye wanda ya narke na jera sabo, na wanke hannu sau bakwai. Ina dawowa ina goge hannu a hijabi, Hajiya ta dube ni sama da ƙasa.

"An ci a ɓoye ke nan. Allah ya sa ya zauna."

Daga nan ta daina ba ni komai. Abba kaɗai take ba, tana cewa shi ba ruwansa da halin uwarsa.

Yanzu Ibi. Ni na ɗauka gada za mu hau. Sai na ga hanya ta gangara ta shiga ruwa ta ƙare, ruwan kuma ba irin kogin da muke wanki ba ne, ɗaya gefen da ƙyar ake hango shi. Aka ce kowa ya sauka. Aka shimfiɗa katako biyu, direbanmu ya hau da bas kan wani jirgi kamar mai hawa gado. Mu muka tsaya a gefenta. Abba a baya na ɗaure shi da majanyi biyu, kula a hannun dama, kifi a hagu. Mai jirgin, wani baƙin ƙato da ba riga, ya dube ni.

"Madam, ajiye kula, ba wanda zai sace shi. In jirgi ya juya, yaro za ka kama ko abinci?"

Wasa yake, kowa ya yi dariya. Ni kuwa wannan tambaya ta zauna min a ƙirji har muka ƙetare. Abba zan kama, wannan ba magana. To in na saki kula, Kili fa? Na lissafa in ɗaura kular a kai da ɗankwali. Na lissafa in ba Hajiya Larai Abba, tunda tana da jiki ba za ta nutse da wuri ba. Na karanta duk abin da na haddace, har addu'ar shiga banɗaki na haɗa. Da igiyar ruwa ta ɗan girgiza mu na ajiye kifi na riƙe ƙarfen motar. Da jirgi ya taɓa ƙasa ni na fara sauka, ban waiga ba. Sai da muka yi tafiyar awa guda na tuna kifin Goggo yana can yana komawa Ibi.

Kafin Shendam aka tsayar da mu a shinge. Wani mai kaki ya leƙo, ya wuce buhunan kowa, idonsa ya faɗa kan furannin gwal.

"Madam, me ke ciki?"

Na ƙara rungume kular.

"Ka ga, Yallaɓai, tun Jalingo muke tambaya," in ji Hajiya Larai. "Ko kai za ta ba ka."

Ya ce in buɗe. Na kwance bakin zani na ciro takardar Likita, duk ta yi laushi da gumi. Ya karanta Turancin yana motsa baki, sai na ga ya mayar da ita tsakanin yatsu biyu. Mutumin kirki ne, amma murya gare shi.

"Naman mataccen doki ne mai cuta, za a kai gwaji. Ku wuce, ku wuce."

Ban taɓa sanin bas ɗin nan tana da faɗi ba sai lokacin. Kujerar mutum huɗu, uku suka cure a jikin taga, ni da Abba da kula muka miƙe ƙafa. Na ce ba ta kama mutum, Likita ya faɗa sau huɗu. Ba wanda ya matso. An yi nisa kafin Hajiya Larai ta yi magana, hancinta cikin mayafi.

"Ki yafe ni, 'yar nan. Allah ya ƙara miki rowa."

Da za ta sauka a Mangu ta ajiye min ƙwai biyu a kan kujera, daga nesa.

Ƙasar Filato hawa ce, mota na nishi kunne na toshewa. Duwatsu a kan duwatsu kamar wani ya jera su ya manta. Shingen gidajensu ba zana ba ne, ƙaya ce mai tsayi ake shukawa. Kabeji a bakin hanya tuli-tuli kamar yadda muke tara doya. Abin da ya fi ba ni mamaki, maza manya da safa a cikin silifa, da rana tsaka. Na yi musu dariya a zuci. Kafin mu kai Bukuru haƙorana sun fara haɗuwa, na janye dariyar.

Rana ta yi ja muka isa. Goggo Adama gajeriya ce mai ƙiba, mai sayar da masa, magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ta karɓe Abba ta juya shi ta duba ido da harshe, ta ce wannan yaron ƙalau yake, asibitin me. Kafin in haɗa amsa ta ga kula.

"Har da wahala? Kai, mutanen Jalingo."

Ta zare ta daga hannuna ta yi kicin.

Ku da kuke karantawa za ku ce me ya hana ki magana. Ku tambayi kanku. Ƙanwar surukinki ce, ranar farko a gidanta, kin zo hannu ba kifi ba goro, ta karɓi abu ta yi godiya. Wace ce a cikinku za ta ce, Goggo dawo da shi ba naki ba ne? Na zauna a bakin tabarma, kai a ƙasa, kamar yadda aka koya min. Na ce bari ta buɗe, za ta gane da kanta.

Na ji ƙarar murfi. Ledoji biyu ne fa, kowacce ba ta fi tafin hannun Abba ba, a tsakiyar ƙanƙara cikin kula mai cin mudu uku. Daga baya ta gaya min a lokacin ta ce a ranta, ashe talauci ya kama yaron nan haka. Shi ya sa ta ɗaga murya don maƙwabta su ji.

"Masha Allah, nama tun daga Taraba, da sanyinsa. Huhu ne ma da saifa. Mai shayarwa za ta sha romo, jini ya dawo."

Na ciro waya na kira Baban Abba. A kashe. Na sake kira. Na ji ana yanka albasa. Na ji ruwa ya shiga tukunya. Na tuna kogi, na tuna Hajiya Larai, na tuna Kili tana waige a turke. Da ƙamshin daddawa ya iso ni sai na miƙe, na ɗauki Abba, na je bakin kicin na durƙusa, na juya wa Goggo gefe, na zaunar da shi a gabana.

"Abba, kai da kake da baki a gidan nan, ka gaya wa Goggo naman nan ba na ci ba ne."

Wuƙa ta tsaya. Goggo ba ta dube ni ba, shi ta duba.

"Abba, tambayi uwarka na mene ne."

"Abba, ka ce na Bidi ne, dokin babanka."

"Abba, yanka shi aka yi?"

"Abba, ka ce da kansa ya tafi. Shi za a kai asibitin."

Abba ya kalle ni, ya kalle ta, ya kama babban yatsan ƙafarsa ya sa a baki.

Goggo ta leƙa tukunya. "Abba, ka ce mata huhun ya rasu karo na biyu. Saifar ce ban kai gare ta ba, ledar waje kawai na kwance."

Na rarrafa na ɗaure ledar na mayar cikin ƙanƙara. Ita kuma ta sa tsumma ta ɗauki tukunya, da ludayi da wuƙa da faranti, ta nufi bayan gida. Na ji faɗuwarsu a masai ɗaya bayan ɗaya. Ta dawo ta wanke hannu da toka, ta zauna a turmi, sai dariya ta kama ta har tana share hawaye da zani.

"Abba, babanka bai canza ba. Yana yaro ya fasa min tulu, na tambaye shi, ya ce ruwa ne ya fita."

Ta zubo gwate, wani fate na acca da ganye mai ɗan tsami, ba kamar namu na tsaki ba. Na ja kwanon zan kai ɗaki, ta riƙe.

"Wadda ta kawo min mushe har kicin, kunyar me ta rage? Zauna mu ci."

Da safe sanyi ya nuna min ni baƙuwa ce. Ruwan alwala kamar ana yanka yatsu. Goggo ta buɗe akwati ta ciro kwat ɗin marigayi mijinta, wanda ya yi gadi a wurin haƙar kuza, baƙi har gwiwa, da hular ulu mai rufe kunne. Na sa, har da safa a cikin silifa. Abba ya farka, na miƙa hannu zan ɗauke shi. Ya dube ni sau ɗaya ya ƙwalla ƙara. Na ba shi nono ya ƙi, yana turewa yana neman uwarsa ta bayana. Na yi magana, na yi masa waƙarsa, a banza. Sai da na cire hula da kwat na tsaya ina karkarwa, sannan ya yi ajiyar zuciya ya kama.

Goggo ta hana kanta suyar masa ta raka ni, ita ke riƙe da kula yanzu, tana kore mutane daga hanya. Gidan binciken fili ne babba, mutane da fararen riguna. A bakin ƙofa akwai wani kwano mai faɗi da ruwan magani. Na cire takalmi na ajiye gefe kamar masallaci. Mai gadi ya ce a'a, takalmin ake so ya shiga ruwan, ni in bi shi. Gari ne da ake yi wa takalmi alwala a bar ƙafa.

Wadda ta karɓe mu Dakta ake ce mata, mace da wando da gilashi, Hausarta ta Jos mai sauri. Ta sa safar roba ta buɗe kula, ta taɓa ƙanƙara ta gyaɗa kai. Sai ta sunsuna.

"Albasa?"

"Ta waje ce kawai," in ji Goggo.

"Takarda ta ce saifa da huhu."

"Huhun ya sami uzuri."

Dakta ta dube mu ta saman gilashi. Ta ce saifar ta isa, kuma ta iso da kyau. Sai ta ɗauko takarda ta ce sunan mai doki. Na ce Baban Abba. Ta ce sunansa na yanka. Na kalli Goggo.

"Rubuta Umaru," in ji Goggo. "In da wuri ki ƙara Mai Fasa Tulu."

Nan na yi ƙarfin hali na yi tambayar da na ɗauko tun daga gida. An yi musu allura, me ya sa suka mutu? Dakta ta juya takardar ta zana ƙwallaye tara.

"Sai mun duba tukuna, amma ga abin da nake zargi. Cutar ɗaya ce, sai dai iri tara ce. Cikinsu kusan ɗaya, rigar waje ce ta bambanta. Allura tana nuna wa jinin doki rigar, ta ce in ka ga mai wannan ka kama shi. In wadda ta shigo gari ta sa rigar da ba a nuna masa ba, sai ya bar ta ta wuce."

"Kamar Abba da kwat," na ce, ban shirya ba.

Ta ce wane kwat. Goggo ta ba ta labari, da ƙari.

"Shi Abba uwarsa ya kasa ganewa," na ce, "shi kuma jinin Bidi ɓarawonsa."

Dakta ta yi dariya ta ce haka ne, za ta ara ta gaya wa ɗalibanta. Ta ce a cikin kowace ƙwayar cuta akwai wani rubutu, shi suke karantawa da inji, shi ke faɗa musu wane iri ne. Ko a iri ɗaya ma, ta Taraba da ta wata ƙasa akan sami ɗan bambanci, kamar Hausata da tata. Masu haɗa allura kuma in ba su san wace riga ke yawo ba, sai su yi ta ɗinka wa jini labarin tsohuwar.

Na ji daɗi ƙwarai. Na tura mata kula na ce to a zuba min sabuwar, mota na jira.

Ta cire gilashi. Ta ce karanta rubutun kaɗai sai an yi makonni. Haɗa allura kuwa ba aikin wata ɗaya ba ne, ba na biyu ba. Kuma ko tana da ita a aljihu, ba za ta so a yi wa goɗiya mai tsohon ciki a tsakiyar annoba ba.

Ban yi niyya ba, hawaye suka zo. Na ce na ƙetare kogi. Na ce Kili kaɗai Baba ya bar min. Goggo ta karɓi Abba ta juya baya tana jijjiga shi.

"Saurara, Maman Abba," in ji Dakta. "Abin da kika kawo zai yi wa dawakin baɗi amfani. Abin da zai ceci taki bana ba a kwalba yake ba. Cutar nan doki ba ya shafa wa doki. Ƙyashi ke ɗauka, ƙananan ƙwarin nan masu cizo da yamma da sassafe. Kafin rana ta yi sanyi ki shigar da ita ɗaki ki rufe, kar ta fito sai hantsi. Tagogi ki rufe da yadi mai ƙananan ido, gidan sauro ba ya tare su. Har ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe. Kuna da ɗaki mai ƙofa da zai ɗauki doki?"

Na yi tunani. Ɗaki ɗaya ne a gidanmu mai ƙyaure biyu.

Kafin mu fita na tambaye ta ko tana kama mutum. Ta ce a'a, amma kare in ya ci naman yana iya kamuwa, ina aka zubar da huhun? Goggo ta ce inda ta kai shi ko kare yana da mutunci.

Dawowa ta Bauchi da Gombe da Numan na biyo. An ce ta fi nisa, na ce ko ta Makka za a zaga, ni da jirgin Ibi sai a lahira. Goggo ta haɗo ni da dankali da kabeji da saƙo zuwa ga Baban Abba, wanda ba zan rubuta ba.

Na same shi a tabarma, Kili na tsaye da ƙafafunta, na duba saman idonta ba kumburi. Ko hijabi ban cire ba na faɗa masa abin da Dakta ta ce.

"Falon?" in ji shi. "Inda kujerun aurenki suke?"

A ranar maƙwabta suka taya ni fitar da kujeru da kabet zuwa turke. Aka zuba yashi a kan siminti. Mayafan lefena guda huɗu, waɗanda nake ajiya don bikin ƙanwata, na buga su a tagogi da ƙusa. Kullum da la'asar in ja Kili ciki in rufe, in toshe ƙasan ƙofa da tsumma, da hantsi in buɗe in kwashe abin da ta ajiye min. Waɗanda kuka zo gaishe da Baban Abba a lokacin kun tuna inda aka zaunar da ku. A rumfar doki, a kan kujera mai laushi, kusa da kwamin dusa. Wata a cikinku ta ce na haukace. Na ji, kuma na yafe.

Bayan sati uku Dakta ta kira Likita Ishaya, ya zo har gida ya faɗa mana. Irin da ya kashe Bidi ba shi ne wanda aka rubuta a takardar allurarmu ba. Ta ce sun ajiye saifar tare da na wasu garuruwa, kuma a gaishe da mai kwat. A watan nan dawaki sun ci gaba da faɗuwa a unguwanni, har na mutumin da ke bayan layinmu. Duk safiya kafin in buɗe ƙofar falo sai na tsaya na kasa kunne, in na ji ta buga ƙafa sannan in yi numfashi.

Da ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe Likita ya ce ta iya komawa turke. Kili ta ce ba ta san zancen ba. La'asar na yi za ta je ta tsaya a ƙofar falo tana tura ƙyaure da hanci. Na ce a bar ta ta sauka tukuna.

Ranar Alhamis da ta wuce, da hantsi, na buɗe ƙofa da tsintsiya a hannu da Abba a baya. Kili na tsaye a ƙarƙashin agogon bango. A gefenta wani ɗan abu jiƙaƙƙe, ƙafafu kamar sandunan rake, yana ƙoƙarin miƙewa yana zamewa. Namiji ne, fari kamar uwarsa. Na ajiye tsintsiya na sauko da Abba na tsayar da shi a gabana. Tun da aka sa masa sunan ban taɓa kiransa da wanda nake kiran mai sunan ba, sai ranar.

"Baba," na ce, "ga amanarka ta haihu."

Abba ya miƙa hannu yana dariya. Duƙushin ya tashi, ya yi taku biyu, ya tsaya daidai inda kabet ɗina yake a da, ya yi fitsari.

Mai son ganinsa ƙofa a buɗe take daga hantsi zuwa la'asar. Wurin zama yana turke. Kuma wadda ta aiko aron kula don bikin jibi, ta aiko a karɓa, an wanke ta da magani. Sati biyu ke nan kular tana jiran mai zuwa.